Na wane ne jirgin da ya ja Ever Given?

Kawuna yana da tambaya ɗaya da ba ya gajiya da ita. Ko gingimari ya gani a hanyar Doso, ko sabuwar rumfa a Katako, ko injin niƙa a bakin titi, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: "Na wane ne?" Ya fi shekara talatin yana fatauci tsakanin Kutunu da Yamai, kuma a wurinsa abin da ba ka san mai shi ba, ba ka fara saninsa ba.

Ranar Litinin 29 ga Maris 2021, bayan magariba, muna zaune a tsakar gidansa. An fito da talabijin waje saboda zafin bazara ya hana zaman ɗaki. Sai aka nuno Ever Given, ƙaton jirgin dakon kayan nan da ya kwana shida a gicciye cikin mashigin Suwez, ga shi yana motsi. Yara sun ƙura wa ƙaton ido. Shi kuwa Kawu sai ya miƙa carbinsa wajen wani ɗan ƙarami da ke gefe, ya ce: "Kai ɗan boko, mai jan nan fa, na wane ne?"

Na ce na ƴan Holan ne, don haka mai karanta labarai ya faɗa. Ya ce, "Holan ƙasa ce. Ni mutum na tambaye ka."

Aikina a ofishin tiranzi yake. Kullum ina cikin takardun kwantena, na duwan, na inshora, ina neman sunan da ya dace a layin da ya dace. Don haka tambayar ta zauna mini, na ware mata shafi a bayan littafin da nake rubuta lambobin kaya. Na zaci layi ɗaya zai isa. Shafin ya cika, na juya baya.

Sunan jirgin a lokacin ALP Guard. Tsawonsa mita 74 ne, ga shi kusa da mai mita 400, kamar ɗan maraƙi a gindin raƙumi. Amma ba irin ƙananan jiragen jan da na saba gani a tashar Kutunu ba ne, waɗanda ke tura jirgi su jingina shi da gaɓa su koma. Wannan na tsakiyar teku ne. An ƙera shi don ya ɗaura igiyar ƙarfe a jikin dandamalin haƙar mai, ko a jikin manyan jiragen nan da ake girkewa a teku suna tara ɗanyen mai, ya ja su makonni daga wata nahiya zuwa wata. Kusan duk cikinsa inji ne da tankunan mai, bayansa kuma fili ne a share, sai na'urar naɗe igiya. Irin waɗannan jirage ba a auna su da yawan kayan da za su ɗauka. Ana ɗaure su ne da turke a bakin gaɓa, a sa ma'auni a jikin igiyar, a ba injin wuta har ƙarshe, a karanta. ALP Guard ya kai tan 285.

Yadda abin ya faru sananne ne, ba zan daɗe a kai ba. Ever Given ya taso daga Malesiya zai je Rotadam da kwantena sama da 18,000. Da safiyar Talata 23 ga Maris iska mai ƙura ta taso, jirgin ya kauce, goshinsa ya nutse a gaɓar gabas, bayansa ya tokare ta yamma, hanya ta rufe. Kafin a buɗe ta jirage sama da 400 sun yi layi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Gadar Kennedy ta Yamai lokacin da kogi ya ja baya, ya ga kwalekwalen kabewa ya hau yashi, ya san dabarun da ke akwai: a tone ƙarƙashi, a rage kaya, a jira ruwa ya ƙaru, a haɗa ƙarfi a ja. A Suwez rage kaya shi ne abin da kowa ke gudu, don sauke kwantena daga wannan tsayi a tsakiyar hamada aikin makonni ne. Sai aka kama sauran ukun. Jirgin yasa na hukumar mashigin, Mashhour, ya yi ta zuƙe yashi daga ƙarƙashin goshin. Wata ya cika ranar 28, teku ta tumbatsa fiye da kullum. A ranar ne ALP Guard ya iso, wani na Italiya mai suna Carlo Magno ya biyo baya. Da asubahin Litinin ɓangaren baya na Ever Given ya saki gaɓa, wajen ƙarfe uku na rana agogon Masar ya taso gaba ɗaya. Lissafin da Boskalis, kamfanin Holan da ke cikin aikin ceton, ya bayar shi ne an yashe yashi kimanin mita kubik 30,000, an yi aiki da ƙananan jiragen ja 11 da manya biyu.

Ba na cikin masu cewa Turawa ne suka zo suka cire shi a dare ɗaya. Masarawa sun kwana shida suna tono da ja. Amma nauyi irin wannan yana da iyakar da in ba a kai ta ba ko gezau ba zai yi ba, kuma manyan biyun ne suka cike giɓin.

To, na wane ne? Abin da na fara ganowa shi ne jirgin ba haifaffen Holan ba ne, kuma ba da wannan suna aka raɗa masa ba. A Jamus aka ƙera shi, a ma'aikatar Mützelfeldt da ke Kukshafen, inda kogin Elbe ke faɗawa teku, aka gama shi a 2009. Sunansa na yanka Uranus. Yana da ƴan'uwa biyar: Orcus, Janus, Ursus, Taurus da Magnus. Duk wanda ya san su a lokacin zai ce maka jiragen Harms ne, wato kamfanin Harms Bergung na Hambog, don shi ke tafiyar da su. Amma a takarda kowane jirgi da kamfaninsa. Na wannan, cikakken sunansa Harms Offshore AHT "Uranus" GmbH & Co. KG, kamfanin da ba shi da wata dukiya sai jirgin nan guda.

Tsari ne da ya yi tashe a Jamus kafin 2008. A kafa kamfani ɗaya don jirgi ɗaya. Masu ɗan abin hannu, irin su likitoci da lauyoyi, su zuba kuɗi, banki ya cika sauran da bashi, a ƙera jirgi, a damƙa shi ga wani kamfani da ya san teku. Shi zai nemo aiki, ya ɗauki ma'aikata, ya kula da gyara, a ba shi ladansa, abin da ya rage a raba. Sassaucin harajin da aka yi wa jiragen ruwa daga 1999 ya ƙara wa abin armashi. Raba jiragen gida-gida kuma yana da dalili: in ɗaya ya ci bashi ko ya yi ɓarna, masu bin bashi ba su da hanyar kama ɗan'uwansa. Bayan rikicin kuɗin 2008 ɗaruruwan irin waɗannan kamfanoni suka durƙushe.

Da na karanta wa Kawu wannan, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Ashe Jamusawa ma motarmu suka kwaikwaya."

Gaskiyarsa. Yana da gingimari da suka haɗa kuɗi su huɗu suka saya: shi, da abokansa biyu na kasuwa, da Gwaggo, wadda ta sa kuɗin gadon mijinta. A kart-giriz, wato takardar rajistar mota, sunan Kawu ne kaɗai. A jikin motar kuma sunan da kowa ya sani daga Gaya har Malanbil na direban ne, mutumin da ya shekara tara yana riƙe da ita. Shi ke nemo lodi, shi ke zaɓen yaron mota, shi ya san makanikin da zai taɓa ta da wanda ba zai taɓa ba. Gwaggo ba ta taɓa hawa motar ba. Duk ƙarshen wata uku ake kai mata nata a ƙulle cikin leda, ta ƙirga, ta sa albarka. In ka tsaya a tashar manyan motoci ka tambayi ta wane ce, amsar da za a ba ka daban, wadda ke takarda daban, ta gaskiya kuma tana cikin wani littafin makaranta a ƙarƙashin katifar Kawu.

Mu koma teku. A lokacin, a Rotadam akwai wani ƙaramin kamfani mai suna ALP Maritime Services, wanda ya ƙware wajen shirya jan kaya mai nisa. A Maris 2014 Teekay Offshore Partners ya saye shi, ya tsaya masa aka ba da odar sababbin jirage huɗu a Niigata ta Japan. A Oktoba na shekarar ALP ya ƙulla cinikin jiragen nan shida na Jamus a kan kimanin dala miliyan 220. Cikin 2015 suka riƙa shigowa hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ana goge suna ana rubuta sabo, duk daga filin wasa. Uranus ya zama ALP Guard, Orcus ya zama ALP Centre, sauran suka zama Winger, Forward, Ace da Ippon. Aka ɗaga musu tutar Holan.

Cinikin bai tafi salin alin ba. Harms Bergung, wanda ya yi renon jiragen tun suna sababbi har suna ɗauke da sunansa, ya kai ƙarar kamfanonin shida kotun harkokin teku ta Landan a 2015, yana ƙalubalantar sayarwar. Jiragen dai sun tafi.

Wannan rigima ban ji ta a jikina ba sai a 2024, lokacin da irinta ta shigo gidanmu. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 motar Kawu ta rasa hanyar da ta saba. Ta koma bin Lome ta Burkina, tafiyar da ke cin makonni ana jiran ayari da rakiyar soja, taya na ƙarewa, kuɗin hanya na cinye riba. Leda ta daina zuwa wa Gwaggo. Abokan biyu suka ce a sayar. Aka samu mai saye daga Birnin Ƙonni, aka yi ciniki, sannan direban ya ji. Ya zo gidan da daddare, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin tabarma ya ce: "Alhaji, shekara tara. Ko akuya ce na yi kiwo, ai a tambaye ni kafin a kai ta kasuwa." Yana so a ba shi wata shida ya haɗa kuɗi, shi ya fi cancanta.

Kawu bai iya ba shi amsa ba, sai aka je wurin malamin unguwa. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya haƙƙin shufu'a, wato a fara yi wa mutum tayi kafin bare, na abokin tarayya ne a cikin ƙasa ko gida da ba a raba ba. Ba ya shiga dabba ko kayan da ake ɗauka a tafi da su. Balle ma direban ba shi da ko dala a cikin jarin. Ya ƙara da cewa abin da shari'a ba ta tilasta ba, mutunci yana iya bayarwa, amma wannan ya rage ga masu mota. Kawu ya so a jira. Sauran suka ce su ma iyali gare su. Ni a raina ina tare da direban, har yau kuma ina ganin an yi masa gaggawa. Sai dai da na tambaye shi ko akwai wata takarda, ko layi biyu, da aka taɓa rubuta masa alkawari, sai ya dube ni kamar na zage shi.

Abin da ya sa tambayar Kawu ta yi wuyar amsawa a 2021 shi ne ALP ma ba shi ne ƙarshen igiya ba. Da farko a kansa akwai Teekay Offshore, kamfanin da aka yi wa rajista a tsibiran Mashal, wanda a lokacin ake sayar da hannun jarinsa a kasuwar Niyok. Kuma lokacin da ya sayi jiragen bai yi masa daɗi ba. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100. A Janairu 2015 ta faɗo ƙasa da 50, a Janairu 2016 ƙasa da 30. In mai ya faɗi, masu haƙa sukan janye, dandamali ya zauna wuri ɗaya, mai ja ya rasa abin ja, alhali albashi da kuɗin banki ba sa jira. Duk wanda ya sayar a Oktoba 2014 ya tsallake rijiya da baya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na Teekay Offshore ya yi nauyi har sai da Brookfield, wani babban kamfanin juya dukiya na Toronto a Kanada, ya shigo da kuɗi a 2017. A farkon 2020 ya saye hannun jarin da ya rage a kasuwa, aka sauya wa kamfanin suna zuwa Altera Infrastructure.

Ke nan a daren da Kawu ya miƙa carbinsa, amsar ita ce: jirgin Jamus ne, da tutar Holan, a hannun kamfanin Rotadam, wanda yake mallakar Altera, wanda yake mallakar masu kuɗin Kanada, su kuma dukiyar wasu suke juyawa. Wanda ya kira shi Suwez kuwa ba ya cikin waɗannan duka. SMIT Salvage ne, tsohon kamfanin ceton jirage da ya faro tun 1842, wanda Boskalis ya saya a 2010. Hayarsa suka yi. Mutane da yawa da suka ga shugaban Boskalis yana magana a talabijin sun ɗauka jirgin nasu ne.

Shi ma wanda aka ja ɗin haka yake. Babban rubutun da ke jikinsa Evergreen ne, kamfanin Taiwan da ya yi hayarsa. Masu shi ƴan Japan ne, Shoei Kisen Kaisha. Tutarsa ta Fanama, masu kula da shi kamfanin Bernhard Schulte, ma'aikatansa 25 kuma ƴan Indiya. Su ne suka zauna cikinsa a tafkin da ke tsakiyar mashigin har wata uku da ƴan kwanaki, bayan da hukumar Suwez ta sa kotu ta tsare shi tana neman dala miliyan 916. Daga baya ta sauko zuwa 550, aka daidaita a asirce, aka sake shi ranar 7 ga Yuli. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Masu kaya ma ba su tsira ba, don masu jirgin sun ayyana abin da a takardunmu ake kira avarie commune: duk mai kwantena a ciki sai ya ɗauki kasonsa na kuɗin ceto, ko ya kawo lamunin inshora, kafin a ba shi kayansa. Wannan shi nake ta faɗa wa ƴan kasuwarmu masu ganin inshorar kaya asarar kuɗi ce, ba sa ji.

Ladan masu ceton ma sai da ya je kotu, kuma a nan ne ni mai aikin takarda na fi tsayawa. Yayin da jirgin ke maƙale, SMIT da wakilan masu shi sun yi ta musayar saƙon imel, har sun daidaita a kan yadda za a biya. Sauran sharuɗɗan ne ba a gama ba, ba a sa hannu ba, sai jirgi ya taso. Masu jirgi suka ce ai an riga an yi ciniki, a biya a kan farashin da aka ambata. SMIT ya ce ba a ƙulla komai ba, don haka ladan ceto yake nema, wanda ake aunawa da darajar abin da aka ceto, kuma ya fi tsoka nesa ba kusa ba. A Maris 2023 kotun Landan ta ce babu yarjejeniyar da ta ɗaure kowa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2024. Rashin sa hannu ya yi wa SMIT rana. Direbanmu kuwa rashin takarda ne ya kayar da shi.

Shafin nawa bai rufe a nan ba. A Agusta 2022 Altera ya shiga kotun fatarar kuɗi a Teksas ta Amurka don a sake tsara bashinsa, ya fito a farkon 2023. A Fabrairu 2024 kuma ya sayar da ALP gaba ɗaya. Mai sayen Boskalis ne, wanda ya yi hayar jirgin shekara uku kafin nan. Shi kansa Boskalis tun 2022 ya fita daga kasuwar hannun jari ya koma hannun HAL, kamfanin zuba jari da ya samo asali daga tsohon kamfanin jiragen fasinja na Holland America Line. Cikin shekara 15 jirgi ɗaya ya ga masu shi na Jamus, ya ga na Niyok, ya ga na Toronto, ya dawo Holan, aikinsa bai sauya ba.

Na kai wa Kawu labarin a makon da ake ƙirga kuɗin motarsa. Ya saurara yana raba takardun jaka goma-goma gida huɗu a kan darduma. Ya ce, "Wanda ya yi haya shi ya saya?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ya ga aikinsa da idonsa ke nan. Matuƙan fa, an kore su?" Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce a sake ƙirga nata, ta ga kamar ɗaya ta manne da ƴar'uwarta.

Direban ya yi fushi na wata biyu, ba ya ko amsa gaisuwar Kawu a masallaci. Mutumin Ƙonni ya gwada wani direba, motar ta kwana uku a hanya da matsalar da ba wanda ya gane kanta, sai ya aiko a roƙe shi. Ranar da ya shigo ofishinmu da takardun lodinsa na farko, ya ajiye sabuwar kart-giriz a kan teburina ya ce, "Malam, duba mini nan, kamar ba daidai ba." An rubuta sunan sabon mai motar da kuskuren harafi ɗaya, bai dace da na inshora ba. Sai da muka je ofishin sau biyu kafin a gyara, motar tana tsaye da lodin albasa a rana.